Dafa dutse a Olkariya: amsar tambayar da aka yi mini a duhun Aboabo

Daren wata Alhamis, bayan sallar isha, aka ɗauke wuta a layinmu na Aboabo, a Kumasi ta ƙasar Gana. Zafi ya koro mu waje, muka baje tabarma a ƙofar gida. Ɗan yayata da ke ajin ƙarshe na sakandare ya matso kusa da ni da wayarsa, saura ƙiris cajinta ya ƙare, ya ce, "Kawu, don Allah dubi wannan." Bidiyo ne na wani fili a Kenya mai suna Olkariya: manyan bututai kwance a kan tuddai kamar mesa, farin tururi na tashi sama da ƙugi, ga raƙumin dawa yana wucewa abinsa ta ƙarƙashin wani bututu da aka lanƙwaso sama. Mai bayani yana cewa daga nan Kenya ke samun babban kaso na wutarta, ba gas, ba mai, ba dam. Yaron ya ce, "To mu me ya hana mu, Kawu? Ba ga tafkin Bosumtwi nan kusa ba? An ce ai bakin dutse mai aman wuta ne."

Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a Magazin na Suame, unguwar kanikawan Kumasi, ya amsa tun kafin in buɗe baki: "Malam, ai manya ne kawai ba sa so. Da suna so da an yi."

Na daɗe ina koyar da ilmin ƙasa, kuma wannan tambaya ta fi yawancin waɗanda ake yi mini a aji nauyi. Abin da na faɗa musu a daren nan guntu ne. Ga cikakkensa, domin na lura bidiyon ya zaga wayoyin zango sosai, kuma fata idan aka gina ta a kan kuskure, ƙarshenta ɓacin rai ne.

Bari mu fara sauke maganar Bosumtwi. Duk wanda ya gangara Abono ya tsaya a bakin ruwan, ya ga yadda tuddai suka kewaye tafkin kamar bakin ƙwarya, zai yi wa masu wannan zato uzuri. Ko masanan Turai sun yi shekaru suna gardama a kai. Amma an gama wannan gardama. Dutse ne ya faɗo daga sama, kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya fasa rami mai faɗin kilomita 10 da rabi, ruwan sama ya taru a ciki. A 2004 masana daga ƙasashe daban-daban suka ɗora injin haƙa a kan ruwan, suka huda ƙasan tafkin, suka ciro dutsen da ke can. Abin da suka samu farfasasshen dutse ne da ya sha mugun bugu. Zafin wannan bugu ya huce tun kafin a san za a yi wani gari Kumasi. Masuntan da ke zaune a kan katakonsu suna tuƙi da hannu, babu wata wuta a ƙarƙashinsu.

To mene ne a ƙarƙashin Olkariya?

Ƙasar da muke takawa, ko'ina ne, cikinta zafi gare shi. Tsakiyarta ta haura digiri 5,000. Wani sashe na zafin ragowar na farkon halittarta ne, wani kuma daga sinadaran da ke cikin duwatsu suna cin kansu a hankali, irin su yuraniyom da toriyom. Idan kana haƙa ƙasa, a mafi yawan wurare zafi kan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Ke nan zafin na kowa ne. Bambancin shi ne nisan da za ka yi kafin ka cim masa, da kuma ko akwai abin da zai ɗauko maka shi zuwa sama.

Uwargidan da ke dafa dambu ta san dukkan sharuɗɗan. Sai da wuta a murhu, sai da ruwa a tukunya, sai madambaci mai huji da tururi zai bi, sai kuma an liƙe bakin an rufe, in ba haka ba tururin ya tsere dambu ya ƙi nuna. Filin tururin ƙasa haka yake: narkakken dutse a kusa, ruwa da ke sauka wurinsa, tsagogin da ruwan zai bi, da murfin da zai danne shi. Ɗaya ya ɓace, babu tasha. Akwai wuraren da dutsen ke da zafi kamar garwashi amma a bushe yake, ko a toshe. Akwai inda ruwa ya wadata amma wutar ta yi nisa. Haɗuwar huɗun a wuri guda ita ce abin da ba a cika samu ba.

Gabashin Afirka yana tsagewa. Daga Afar a Habasha har Mozambik, nahiyar tana rabuwa gida biyu, ɓangaren Somaliya yana janyewa gabas da 'yan milimitoci a shekara, tafiyar da ko ta farce ba ta kai ba. Amma miliyoyin shekaru na wannan ja sun sa ɓawon ƙasa ya yi siriri, ya tsattsage, tsakiya ta burma ta zama wani dogon kwari mai katangun duwatsu hagu da dama. Inda ɓawo ya yi siriri, dutsen ƙasa mai zafi yakan taso, nauyin da ke danne shi ya ragu, wani sashensa ya narke. Shi ya sa duwatsu masu aman wuta suka jeru a tsakiyar kwarin Kenya kamar carbi: Suswa, Longonot, Olkariya, Eburru, Menengai, har can arewa su Paka da Silali.

Olkariya tana kudu da tafkin Naibasha, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka daga Nairobi. Ita ba dutse ɗaya mai tsini ba ce kamar Longonot da ke gefenta. Tarin ƙananan tuddai ne masu yawa, kowanne ya fito ne daga wani kauri-kaurin narkakken dutse da bai iya gudu nesa, sai ya taru a bakin hujinsa kamar tuwo a mara. Na baya-bayan nan, wanda ake kira Ololbutot, bai wuce shekara 200 da wani abu ba. A lissafin duwatsu wannan jiya ne. Ma'anarsa murhun bai mutu ba, narkakken dutsen yana nan 'yan kilomitoci a ƙasa. A saman filin ana tsintar baƙin dutse mai sheƙi kamar fasasshiyar kwalba, da wani farin dutse mai kumfa wanda ke yawo a kan ruwa. Akwai wuraren da ƙasa ke hayaƙi da kanta, tururi ya dafa dutsen har ya koma jan yumɓu. Daga wannan jan yumɓu, wanda Masai ke shafawa a gashi da jiki, sunan wurin ya fito.

Ruwan kuma fa? Damina na zuba a kan tsaunukan Mau a yamma da na Abadeya a gabas, ruwan ya bi tsagogi ya nutse. Akwai wani abu a nan da ke burge ni kullum. Tafkin Naibasha babu kogin da ke fita daga cikinsa, kuma tafki irin wannan a ƙa'ida gishiri yake zama, kamar maƙwabtansa Elementaita da Nakuru masu kanwa. Amma Naibasha ruwan daɗi ne. Dalili, yana yoyo ta ƙasa, ruwan yana tafiya da gishirinsa, wani sashe nasa yana gangarawa kudu ya shiga tukunyar Olkariya. A can ƙasa, tsofaffin shimfiɗun dutsen aman wuta sun tsattsage, ruwan ya cika su ya yi ta zagayawa: mai sanyi ya nutse, mai zafi ya taso. A sama da su kuma akwai wani shimfiɗin da zafi ya mayar da shi yumɓu ya toshe hujojinsa. Murfin ke nan.

A nan dattijon mai walda ya tsayar da ni a daren. Ya ce, "Malam, ka ce ruwan ya kai digiri 300. Ruwa ai a 100 yake tafasa ya tashi. Yaya zai kai 300 yana ruwa?" Tambayar mai sana'a ce, kuma amsar tana cikin sana'arsu ta Magazin. Duk bakanike ya san ba a buɗe murfin lagireto mota na da zafi. Ruwan ciki ya wuce digiri 100 amma bai tafasa ba saboda a danne yake. Kana sassauta murfin, sai ya yi tsalle ya zama tururi a fuskarka. Don ruwa ya zauna ruwa a digiri 300, sai matsin da ke kansa ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 80, kuma nauyin ruwan da ke samansa a zurfin kilomita biyu ko uku ya fi ƙarfin haka. Rijiyar tururi sassauta murfin lagireto ce da gangan. Ana huda ƙasa har zurfin mita 3,000, a zura bututun ƙarfe a ɗaure da siminti, a bar na can ƙasa da hujoji. Ruwan yana hawowa matsi yana raguwa, sai ya tafasa a hanya, ya iso sama a haɗe, ruwa da tururi, da ƙarfin kansa ba tare da famfo ba.

Daga bakin rijiya a kai shi wata doguwar tukunyar ƙarfe inda yake juyawa kamar guguwa, ruwan ya faɗo ƙasa, busasshen tururi ya fita ta sama. Tururin ya bi bututu zuwa tasha, ya bugi farfelar inji mai juyawa sau 3,000 a minti, ita kuma ta juya janareta. Daga nan labarin iri ɗaya ne da na tashoshin wutarmu na Aboadze ko Tema, illa su can sai an ƙona gas kafin inji ya motsa. Ruwan da aka ware, mai gishiri da zafi, a sake tura shi ƙasa ta wasu rijiyoyin domin ya koma ya ɗumama. Akwai kuma wata dabara ta biyu ga ruwan da zafinsa bai kai ba: a sa shi ya dafa wani ruwan sinadari mai saurin tafasa a cikin rufaffen bututu, tururin wancan ya juya injin. Tashar Olkariya ta uku, ta kamfanin Ormat, da wannan dabara take aiki tun shekarar 2000.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne shekarun. Italiyawa ne suka fara, a Larderello, inda aka kunna 'yan ƙwayayen fitila da tururin ƙasa a 1904. A Olkariya an kafa injin haƙa na farko a 1956. Rijiyoyi biyu aka haƙa, ba su ba da abin kirki ba, aka tattara aka tafi. Sai a shekarun 1970, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, aka dawo da bincike. Wutar farko ta fito a 1981, megawat 15 kacal, kuma ita ce babbar tasha irinta ta farko a duk Afirka. Shekara 25 ke nan tsakanin huda ta farko da ƙwan fitila na farko. A 1985 aka kai megawat 45, aka tsaya a nan shekara da shekaru. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma ban taɓa ganin inda karin maganar ya zauna daram a zahirinsa kamar wannan fili ba.

Fari ne ya zaburar da su, kamar yadda ya sha zaburar da mu. Kenya ta dogara da madatsun kogin Tana, sai farin 1999 da 2000 ya kwashe ruwan, aka shiga rabon wuta. Mu ma mun san wannan ɗaci: 1983 zuwa 1984, da 1998, da 2006 zuwa 2007, duk lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya. Mu muka juya ga injinan mai da gas, su suka juya ga ƙarƙashin ƙafarsu. Olkariya ta biyu ta zo a 2003 da megawat 70, aka ƙara mata 35 a 2010. A 2014 da farkon 2015 aka zuba megawat 280 kusan a lokaci guda. Ta biyar ta zo a 2019, aka ƙara wani injin a 2022. Yau abin da Kenya ke samu daga tururin ƙasa ya haura megawat 900, ya doshi ƙarfin Akosombo mai 1,020, kuma yana ba da kashi 40 cikin 100 ko fiye na duk wutar da ƙasar ke samarwa. Hukumomin Kenya na ƙiyasta cewa kwarin gaba ɗaya zai iya ba da megawat 7,000 zuwa 10,000. Wannan adadi a riƙe shi da hannu biyu: ƙiyasi ne daga alamun saman ƙasa, kuma abin da ba a huda an auna ba, ba a saka shi a aljihu ba tukuna.

Me ya sa wannan wuta ta fi ta rana daraja, alhali rana kyauta ce ita ma? Saboda ba ta barci. Tashar tururin ƙasa takan yi aiki fiye da kashi 90 cikin 100 na sa'o'in shekara, dare da rana, rani da damina. Faranti mai ɗaukar hasken rana a Kaleo ko Nabrongo, idan aka haɗa dare da gajimare da hazon hunturu, abin da yake bayarwa a shekara bai kai kashi ɗaya cikin biyar na cikakken ƙarfinsa ba. Ke nan megawat 100 na Olkariya sai an kafa kusan ninki biyar na faranti kafin a biya shi, sannan a nemo batirin da zai riƙe wutar zuwa dare. Kuma babu jirgin ruwan da za a jira, babu dalar da za a nema kowane wata don sayen makamashi. Waɗanda suka ga dumsor, zamanin yawan ɗauke wuta a Gana, sun tuna yadda a watan Agustan 2012 angar wani jirgi ta fasa bututun gas ɗin da ke tahowa daga Najeriya a gaɓar Togo, gidaje da shaguna a Akra da Kumasi suka shiga duhu saboda abin da ya faru a ƙasan teku a wata ƙasa.

Amma tsadar tana gaba, kuma a dunƙule take zuwa. Rijiya ɗaya takan ci dala miliyan biyar ko fiye, a yi kamar wata biyu ana haƙa, kuma tana iya fitowa fanko: ga zafi, babu tsagar da ruwa zai bi. Matsakaiciyar rijiya megawat biyar take bayarwa, ko da yake a 2014 an dace da wata a Olkariya mai megawat 30 ita kaɗai. Babu ɗan kasuwar da zai zuba irin wannan kuɗi a rami yana addu'a. Kenya ta gane haka, shi ya sa gwamnati ta ɗauki kasadar da kanta, ta hannun kamfaninta KenGen da kuma GDC da ta kafa a 2008 domin ya haƙa, ya tabbatar da tururi, sannan ya sayar wa masu kafa inji, kamar yadda aka yi a Menengai. An ciwo bashi mai sauƙin ruwa daga Bankin Duniya da Japan da Turai da Sin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen. Shekara da shekaru suna tura matasansu Aisilan koyon wannan ilmi, har ta kai yanzu injiniyoyin Kenya ne ake ɗauka haya su je su haƙa wa Habasha da Jibuti.

Filin kuma yana buƙatar tattali. Ruwan ƙasa yana ɗauke da narkakken yashi, wanda idan ya huce yakan kama cikin bututu kamar ƙanzo a gindin tukunya har ya toshe shi. Akwai iskar farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke cin ƙarfe kuma tana kisa idan ta taru a kwari. Idan aka yi haɗama aka zuƙi tururi fiye da ruwan da ke komawa, matsi yakan faɗi. Haka ta faru a filin Geysers na Kalifoniya, mafi girma a duniya, har ta kai tun 2003 ana turo tataccen ruwan kwatar birnin Santa Rosa ta bututu ana ɗura masa. Sannan akwai masu ƙasa. A 2014 an tashi ƙauyukan Masai, kimanin gidaje 150, domin gina Olkariya ta huɗu, suka kai ƙara gaban masu binciken Bankin Duniya, binciken kuma ya tabbatar da cewa an bar wasu masu rauni a baya wajen ƙidaya da biyan diyya. Wannan bai kamata ya zama baƙon labari ga ɗan zango ba. Mutum 80,000 aka tasa saboda tafkin Bolta da madatsar Akosombo ta tara, kuma tsohon zangon Kete-Karaci, na fataken goro da manyan malamai, ruwan da ke ba mu wuta ne ya ci shi.

Yanzu mu dawo gida. Kumasi tana zaune a kan duwatsun da masana ke kira Birimiyan, sunan da aka ɗauko daga kogin Birim. Shekarunsu sun haura biliyan biyu. Wani sashe ne na tsohon dandamalin dutsen Afirka ta Yamma, wanda saiwarsa a tsakiya ta nutse kilomita 200 ko fiye. Su ma a zamaninsu an yi aman wuta a nan, ruwan zafi ya bi tsagogi kamar yadda yake bi a Olkariya yau, kuma shi ne ya ajiye zinariyar da ake haƙa a Obuwasi da Konongo da Frestiya. Wato mu ma mun taɓa mallakar irin wannan tukunya. An sauke ta tun shekara biliyan biyu, abin da ya rage mana shi ne ƙanzonta, kuma ƙanzon zinariya ne. Dutsen da ya tsufa haka ya yi kauri ya huce, zafin da ke ratso shi kaɗan ne.

Ga misalai biyu daga wasu tsofaffin duwatsu irin namu. A Kola ta Rasha an haƙa rami mafi zurfi a duniya, mita 12,262, zafin da aka tarar a ƙasansa digiri 180 ne. A mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, inda mutane ke aiki a zurfin kusan kilomita huɗu, dutsen ya ɗan haura digiri 60. Wannan zafi ya isa ya kashe mutum idan ba a sanyaya ramin ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga ramin Obuwasi mai zurfin kimanin mita 1,500 zai ba ka labarin gumi. Amma ko shayi ba zai tafasa ba, balle ya juya inji. Olkariya kuwa tana ba da 300 kafin kilomita uku.

Wani zai ce, to girgizar ƙasar Akra fa? Mutanen Weija da tudun Makati sun saba jin ƙasa na motsi, kuma a ranar 22 ga Yunin 1939 girgiza ta kashe mutum 17 a birnin. Gaskiya ne akwai tsagogi a can, ta Akwapim da wadda ke bin gaɓar teku. Sai dai tsofaffin karaya ne da ke gocewa lokaci zuwa lokaci idan nauyi ya taru, kamar tsohon tsagin katanga. Madambaci ne mai huji, murhun ƙarƙashinsa babu wuta. A yankinmu inda wutar take da rai shi ne layin da ya taso daga teku ya bi ta Dutsen Kamaru ya haura, inda tafkin Nyos ya yi aman iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700 a 1986. Ko ruwan Wikki na Yankari, da 'yan'uwanmu na Najeriya ke alfahari da ɗuminsa, digiri 31 ne. Ya yi daɗin wanka, nan ya tsaya.

Akwai sabuwar dabarar da ake ta yayatawa, wadda masu ita ke cewa za ta kai tururin ƙasa ko'ina. A huda busasshen dutse mai zafi, a lanƙwasa rijiyar ta kwanta, a fasa dutsen da matsin ruwa, a tura ruwan sanyi ta wannan rijiya ya fito da zafi ta waccan. Kamfanin Fervo ya gwada a Nebada ta Amurka a 2023 ya samu megawat uku da rabi. Ina bin labarin da sha'awa, amma abu biyu a lura. Inda suke gwadawa ma ƙasa ce mai siririn ɓawo da zafi kusa, ba tsohon dutse irin namu ba. Na biyu, fasa dutse yakan tayar da tsagar da ke barci. An rufe aikin Basel na Suwizalan bayan girgizar 2006, kuma binciken gwamnatin Koriya ta Kudu ya danganta girgizar Pohang ta 2017, wadda ta raba ɗimbin mutane da gidajensu, da irin wannan aiki. Duk wanda zai kawo maganar ɗura ruwa a tsagogin kusa da Akra, a fara tuna masa da 1939.

Saboda haka na ce wa dattijon, "Baba, laifin manya yana da yawa a maganar wuta, bashin gas da kwangilolin da aka sa wa hannu cikin gaggawa ba duwatsu ne suka jawo su ba. Amma wannan ɗaya ba nasu ba ne." Bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi, domin mai walda da wuta yake cin abinci.

Inda nake ganin muna da abin yi shi ne awo. Kusan rabin Gana ba Birimiyan ba ne a sama. Daga Mampong da Ejura har Tamale, shimfiɗaɗɗen dutsen yashi da na laka ne na kwarin Bolta, mai kaurin kilomitoci a tsakiya, kuma dutsen laka bargo ne, yana riƙe zafi a ƙarƙashinsa. Irin wannan kwari ne ke ba birnin Faris ruwan ɗumi mai digiri 60 zuwa 80 da ake ɗumama gidaje da shi. Mu ba ma neman ɗumama ɗaki, amma muna busar da masara da rogo da kifi, muna dafa man kaɗanya, duk da itace da gawayi. Ko irin wannan ruwa zai biya kuɗin haƙarsa, lissafi ne da ake farawa da ma'aunin zafi, kuma shi ne mafi arha a duk wannan harka. Kamfanin mai na ƙasa, GNPC, yana binciken mai a kwarin, kuma kowace rijiyar mai ana auna zafin ƙasanta, haka rijiyoyin Tano da Keta. Kamfanonin zinariya suna huda ramukan gwaji masu zurfin ɗaruruwan mitoci, su ciro dutsen su tafi. Hukumar binciken duwatsu ta ƙasa tana nan tun 1913, kuma shugabanta na farko, Albert Kitson, shi ne a 1915 ya tsaya a mashigin Akosombo ya ce nan ya dace da dam, shekara 50 kafin wutar ta fito. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST a nan Kumasi, ga ta haƙar ma'adinai a Tarkwa, cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai.

Yadda ake awon ba wuya. Rami idan an gama huda shi sai a bar shi makonni ya huta, zafin gugar injin ya fita. Sannan a zura ma'auni a jikin igiya, a tsaya kowace mita biyar ko goma a rubuta. A ɗauki guntun dutsen da aka ciro a kai ɗakin gwaji a ga yadda zafi ke ratsa shi. Adadin farko sau na biyu, shi ne yawan zafin da ke fitowa daga wannan wuri. A yi haka a ramuka ɗari daga Aksim zuwa Bawku, sai a sami taswira.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe ɗaya na dare, yaran layi suka yi ihun da suka saba. Ɗan yayata bai tashi ba. Ya ce, "Kawu, wannan awon, wane darasi mutum zai karanta ya iya shi?" Na ce masa ilmin duwatsu, amma ya riƙe lissafi da fiziks da kyau, domin su ne za su shigar da shi. Ya ce har yanzu yana so ya ga Bosumtwi da idonsa. Mun sa ranar Asabar ta farko bayan jarrabawarsa, za mu hau mota zuwa Kuntanase mu gangara Abono, kuma na ce ya taho da guduma.